Ɗakin da Ba Shi da Labule

Hammajoda ya haura shekara hamsin a duniya bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Shi ne ɗan fari, ita kuwa Dada Bafulatana ce irin ta da, ta riƙi kunyar ɗan fari kamar aikin da ba a ritaya a cikinsa. Ba ta kiran sunansa, ba ta cin abinci yana kallo, ba ta zama ɗaki ɗaya da shi. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce “yayan A'i”, ko “mutumin Legas”, tun da a can yake aikin tsare-tsare a wani kamfanin dakon kaya.

Ba wai ba sa hira ba ne. Duk shekara in ya zo hutu Bauchi, matarsa da yara su sauka gidan iyayenta a Wunti, shi kuma da hantsi ya hau mashin ya tafi gidansu a Miri. A shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofar ɗakin Dada, ita tana daga ciki, labule a tsakani. Sai ta fara da ƙanwarsa:

“A'i, ki tambayi yayanki ko ya karya.”

“Na karya, Dada.”

“A'i, ki ce masa na ga ya rame. Ko a Legas ɗin awo ake wa mutum da cokali?”

A'i takan gaji ta tashi ta tafi sabgarta. Dada ba ta taɓa nuna ta lura ba. Ta ci gaba da yi wa A'in da ba ta nan magana har azahar: shanun da suka ƙare shekarar ciwon huhu, halin marigayi mijinta wanda ta yafe masa amma ba ta manta ba, wanda ya sayar da gona, wadda ta yi yaji ta dawo ba biko. Tana da ban dariya, tana da baki. Hammajoda yakan yi dariya har ya kwanta a tabarmar, ya ji ita ma tana ƙyalƙyalawa a bayan zanen.

Amma shi mutum ne da ya yi digiri na biyu, saboda haka bai lissafa wannan a matsayin hira ba. Hira a wurinsa sai ido na ganin ido.

Abin da ya tayar masa da tsohon miki kuwa, ran nan uwar abokin aikinsa Kayode ta zo ofis ba sanarwa. Ta shigo tana ƙwala sunan ɗanta tun daga matakala, ta kama kunnensa a gaban ma'aikata ta murɗa, ta buɗe kwano ta tsaya a kansa sai da ya ci. Kayode yana ta ba da haƙuri, kunya kamar ta kashe shi. Hammajoda ya yi murmushi tare da kowa, ya koma teburinsa ya zauna yana duban bango. Da a ce ana sayar da wannan murɗar kunnen, da ya saya.

A watan ne A'i ta kira ta ce likita ya ce jinin Dada ya hau ƙwarai, a rage mata hayaniya. Gidan Miri kuwa ba abin da ya fi arha a cikinsa irin hayaniya: ƙannensa maza sun yi aure sun cika shi, bakin ƙofar Dada ya zama hanyar yara da awaki. Sai Hammajoda ya tuna da Istifanus.

Istifanus abokinsa ne tun sakandare, mutumin Bogoro, ya sayar da komai a rayuwa, daga inshora zuwa kajin gona. Yanzu shi ne dillalin wani rukunin gidajen hutu da aka gina a bayan gari, hanyar Dass. Tsarin mai sauƙi ne: ba gida kake saya ba, sati kake saya. Ka zaɓi satinka a shekara, ka zaɓi irin ɗakin, duk shekara in satin ya zagayo naka ne. Sauran makonni na wasu ne, ku yi ta kwana a gado ɗaya da mutanen da ba za ku taɓa haɗuwa ba.

Da Hammajoda ya shigo gari wani ɗaurin aure, Istifanus ya ɗauke shi a mota ya kai shi ya gani.

“Iri biyu ne,” in ji shi, yana karkaɗa makullai. “Ga ciki da falo. Falo na zama, ga ƙofa, ga uwar ɗaka. Wannan na masu iyali ne da mutunci. Ga kuma ɗaki ɗaya tal, gado da kujera da wurin dafa shayi duk a wuri guda. Wannan na sabbin angwaye ne, da Fulanin da suka yi kuɗi ba su sanar da aljihunsu ba.”

“Kai dai ka nuna mini, Fasto.”

“Ni ba fasto ba ne, amma yau zan yi maka wa'azi kyauta.”

Suka shiga ciki da falon. Hammajoda ya tsaya yana kallon ƙofar da ke tsakani. Ya riga ya ga abin da zai faru: Dada za ta shige ciki, ya zauna a falo, a koma gidan jiya, sai dai wannan karon da sanyin na'ura. Suka fita suka shiga ɗayan. Bango huɗu, ƙofar shiga, ƙofar bayi. Ba lungu, ba saƙo, ba inda tsohuwa za ta ɓuya wa ɗanta. Ya ji zuciyarsa ta yi fari.

“Wannan nake so.”

Istifanus ya cire tabarau. “Wa ka ce za ka kawo?”

“Dada. Da A'i, ta riƙa kwana da ita. Ni wuni zan riƙa yi, in kwana a gari.”

“Hamma, ka ji tsoron Allah. Bambancin kuɗin bai kai abin da kake zubawa a mai ba. Tun muna aji biyu kake raba ƙuli-ƙuli gida huɗu, na zata girma zai warkar da kai.”

“Ba maganar kuɗi ba ce.”

“Haka duk marowaci yake cewa. To ka sani, in ka zaɓa ka zaɓa, sai shekara ta zagayo ake canji. Kuma satin da ka ɗauka hutun makaranta ne, ko lungun ajiye tsintsiya ba ya saura.”

Hammajoda ya san dillali na cin la'ada mafi tsoka a babban ɗaki, don haka ya ajiye shawarar inda ake ajiye shawarar dillalai. Bai gaya masa dalilinsa ba. Ta yaya mutum mai furfura zai ce wa abokinsa yana so ne uwarsa ta dube shi? Ya koma Legas yana jin daɗin kansa irin na wanda ya warware matsalar da ta gagari kakanni da zanen gini kawai.

Satin ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da Bauchi ke gasa mutum tun safe. A'i ta sha fama kafin Dada ta yarda ta fito. Sai da ta ce mata umarnin likita ne, wanda rabinsa gaskiya ne. Hammajoda ya riga su isa. Ya jera lemo da kindirmo, ya gyara hula, ya zauna a kujera yana fuskantar ƙofa.

Dada ta shigo da sallama, 'yar ƙaramar tsohuwa da farin mayafi da buta a hannu. Ta dubi gado, ta dubi rufi, ta dubi wurin shayi. Ta dubi ko'ina ban da kujerar. Sannan ta nufi ƙofar da ta gani a gefe ta tura, ta ga bayi ne, ta jawo ta a hankali.

“A'i, ina ɗakin?”

“Ai shi ne nan, Dada.”

“Ina na ciki?”

“Babu na ciki.”

“To. Allah ya sa albarka,” in ji tsohuwar. Ta ɗauki dardumarta ta fita baranda ta shimfiɗa.

Hammajoda bai karaya ba. Duk tsari sai an ba shi lokaci. Zafi zai koro ta, ya faɗa wa kansa, kuma yana da gaskiya a kan zafin. Abin da bai auna ba shi ne Dada ta yi kiwo a rana tun ba a haifi wanda ya ƙera na'urar sanyaya ɗaki ba. Ta wuni a barandar, bayanta a jikin bango, carbi a hannu. Barandar na fuskantar wurin iyo, inda iyalan mutane ke ta tsalle cikin ruwa da kayan da ba su kai a kira su kaya ba. Dada ta juya musu ƙeya, ta zauna tana kallon bututun da ke ɗigar da ruwan na'urar.

Da ya fita sallah, ta shiga. Da ya dawo, ta fito. Suka yi ta wannan musaya kamar masu gadi. A'i ta kai mata abinci waje, ta ƙi ci saboda baƙi na wucewa. Ta ƙi shiga ta ci saboda yana ciki. Sai da ya tafi gari da yamma ta ci na rana.

Washegari ya sauya dabara, ya bar mata ɗakin, ya ɗauki kujera ya zauna a baranda a bakin ƙofa, ko a samu irin ta Miri. Amma ƙofar ta ƙarfe ce mai nauyi, an yi ta don ta tsare sanyi da ɓarayi, kuma tana tsare murya da irin wannan amanar. Ya bar ta a buɗe, sai ya zama ana ganin juna, Dada ta koma ta zauna tana fuskantar kusurwa. Ya turo ta rabi, janareton rukunin ya tashi. Ko da ba janareto, Dada ba za ta ɗaga murya ta yi zancen gida a inda wani ɗan kasuwa da matarsa Agatha ke gasa nama a barandar da ke kusa ba.

“A'i, ki ce wa yayanki ya shigo daga rana,” shi ne abin da ya samu a wunin. Da ya shigo, ta fita.

A'i ta biyo shi wajen mota. Mace ce mai 'ya'ya manya, ta bar sana'arta ta ɗinki ta zo, kuma haƙurinta ya fara yin gajere.

“Hamma, wai me ka yi nufi da wannan ɗakin?”

“Nufina ta huta.”

“To tana hutawa, a kan siminti. Ƙafarta ta fara kumbura. Ka bar ni in ɗaura igiya daga taga zuwa ƙofa, in rataya zani. Minti biyar.”

“A'a.”

“A'a?”

“A'i, na gaji da magana da zani. So nake in zauna da uwata kamar kowa. Laifi ne?”

Ta dube shi kamar yadda take duban yadin da mai shi ya riga ya yanka kafin ya kawo mata. “Kamar kowa,” ta ce. “Ni nan da take kiran sunana sau ɗari a rana, ka taɓa jin ta ba ni labarin shanu? Ni aike ne nawa. Ɗauko, ajiye, rufe. Duk labarin da na sani na marigayi Baffanmu a bakin labulenka na tsinta, ina wucewa. Wata biyu kafin ka zo take fara tara maka, in ta ji abin dariya ta ce kar wanda ya riga ta gaya wa mutumin Legas. Wannan karon ma ta zo da su. Suna nan a cikinta.”

“To ta faɗa mini mana. Ga ni.”

“Ga ka ɗin ne matsalar.”

Ya shiga mota ya tafi. Ya san magana ce mai ma'ana, shi ya sa ta ba shi haushi. Ya ƙara wa tsarinsa kwana ɗaya, sannan wani. Dada ta ci gaba da zaman baranda. Har Agatha ta lura, ta aiko mata da matashin kai da ruwan sanyi, tana tambayar A'i cikin Hausarta ta kasuwa ko Mama ya yi faɗa da oga ne.

Ya kira Istifanus.

“Ciki da falo? Yanzu?” Istifanus ya yi dariya har da tari. “Mutumina, ko gwamna ne sai dai in ba shi tabarma. Me ya faru, Dada ta gano rowarka?”

“Ka duba mini dai.”

Jin muryarsa ya sa Istifanus ya daina dariya. “Wallahi babu, Hamma. Duk a cike. Badi in Allah ya kai mu, kai ne na farko.”

Ranar da ta rage saura kwana biyu, ya sauka daga kan dokinsa. Ya tafi kasuwar Wunti ya sayi igiya da ƙusa, ya tsaya wurin mai yadi. A nan ma sai da halinsa ya motsa: bai yarda da zani ba, sai labule na gaske, mai kauri, a kai wa tela ya yi masa baki. Tela ya ce a jira wuta. Ya jira. La'asar ta yi kafin ya fito da ƙunshin a hammata, yana jin kansa kamar wanda ya yi wata babbar sadaukarwa.

Ya tarar da baranda ba darduma. Ɗakin a share, gado a gyare kamar ba a taɓa hawansa ba, kindirmon da ya kawo an rufe shi da faifai. Agatha ce ta leƙo ta ce Mama ya tafi da keke-napep, shi da 'yarsa.

Ya kira A'i.

“Matar Abdulsalami ce ta sauka da safe,” in ji ta. Abdulsalami shi ne autansu. “An samu mace. Kana ganin Dada za ta zauna gadin bututu an yi haihuwa a gidanta? Da ma dalili take nema, Allah ya kawo mata mai kyau.”

“Ba ta ce komai ba?”

“Ta ce in ce maka ta gode, ɗakin yana da sanyi.”

Ya bi su Miri da labulen a bayan mota. Gidan ya cika da mata 'yan barka, an kwantar da mai jego a ɗakin Dada saboda ya fi iska. Ba wurin tabarmar namiji a tsakar gidan. Ya tsaya a zaure da sauran maza, aka yi addu'a, aka ci goro. Can ya jiyo muryar Dada daga ciki, tana ba da wani labari, mata na ta shewa. Bai ji kalmomin ba. Washegari ma haka, jibi kuma hutunsa ya ƙare. Ya aika A'i ta yi masa sallama, ta dawo da ƙullin man shanu da saƙon Allah ya kiyaye hanya.

Ya ce a ransa ba komai, akwai badi. A hanya ma ya tsara yadda badin za ta kasance.

Ciwon ya same ta bayan an cire amfanin gona. Ta tashi alwala ta faɗi. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ne. Ta rayu, ta gane mutane, tana bin kowa da ido, amma harshe ya tafi. Ya zo ya gan ta a asibiti cikin taron dangi, ya tsaya daga ƙofa, ya koma.

Da bazara ta zagayo, Istifanus ya cika alkawari. Ya miƙa masa makullin ciki da falo, ya buɗe baki zai yi tsokana, ya fasa, ya ce a gaishe da Dada. Aka kawo ta a mota, A'i da Abdulsalami suka ɗauke ta suka kwantar a uwar ɗaka. Wannan karon ba wanda ya sha fama kafin ta yarda.

Abdulsalami ya tafi. A'i ta fito tana goge hannu.

“Ka shiga mana,” ta ce. “Tana farke.”

Ya shiga. Ya ja kujera ya zauna kusa da gadon. Ga Dada, ga shi, ɗaki ɗaya, ba komai a tsakani. Ya ga fuskarta yadda bai taɓa gani ba: 'yan tsagen da ke gefen bakinta, wani tabo a goshi da bai san tarihinsa ba. Ba za ta iya tashi ta ɗauki darduma ba. Zai iya zama nan har satin ya ƙare, kamar kowa.

Dada ta dube shi sau ɗaya. Sannan ta fara ƙoƙarin juya kai zuwa bango. Wuyan ya ƙi. Ta sa hannun da ke motsi ta lalubi gefen mayafinta, tana ja a hankali, tana so ta kai shi fuska, yana zamewa.

Hammajoda ya tashi. Ya fita wajen mota ya buɗe bayanta, ya ɗauko ƙunshin da ya shekara a can. Ya buɗe ƙofar tsakani ya tokare ta da takalmi, ya kafa ƙusa biyu a saman ƙofar duk da dokar rukunin ta hana, ya ɗaura igiya, ya rataya labulen. Tela ya yi aiki mai kyau, ya sauka har ƙasa. Ya ture kujerun falo gefe, ya shimfiɗa darduma a bakin ƙofar ya zauna.

Daga ciki ba motsi. A'i na tsaye da tukunya a hannu tana kallonsa.

Ya gyara murya. “A'i, ki tambayi Dada ko ta karya.”

A'i ta ajiye tukunyar. “Ta sha kunu,” ta ce a hankali.

“Ki ce mata na ga ta rame.”

A'i ta ɗan tsaya, sannan ta ɗauki mayafinta ta fita baranda ta jawo ƙofa. Hammajoda ya zauna yana duban labulen. Ya laluba a kansa ko akwai wani labari da ya tara mata a shekarar, bai sami ko ɗaya ba, don bai taɓa sanin ana tarawa ba. Sai ya fara da wanda ya zo masa.

“A'i, ki ce wa Dada akwai wani abokin aikina, Kayode. Ran nan uwarsa ta zo ofis.”